Kafin ka kwashi kuɗinka ka sayo sabon rauta

Samari 'yan uwana na Abuja, bari mu gaya wa kanmu gaskiya, son a ga sabon abu a falo yana cinye mana kuɗi a banza. Shekaranjiya wani ƙanina da ke Kubwa ya kira ni wai zai shiga Banex ya sayo rauta, wato na'urar raba intanet a gida, mai sabon samfurin Wi-Fi 7 saboda intanet ɗin gidansa na jan ƙafa, na ce masa dakata malam, wace waya ce a hannunka? Ashe wata tsohuwar Itel ce da ya fi shekara uku yana fama da ita.

Wi-Fi 7 ɗin nan sai a 2024 ya fito sosai, kuma in wayarka ko laptop ɗinka ba su san shi ba to rautan sauka zai yi ya yi musu magana da tsohon yare, na Wi-Fi 5 ko ma Wi-Fi 4 na 2009, kai kuma ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa amfani da shi ba.

Sannan shi rauta ai kan famfo ne, ruwan daga waje yake zuwa, daga MTN ko Airtel ko Starlink ko masu faiba, wato intanet ɗin da ake jawo wa gida ta kebul. In layinka gudun 20Mbps yake kawo maka, wallahi ko rautan zinare ka saka 20 ɗin nan ce dai. Tsohon Wi-Fi 5 ma yana ɗaukar ɗaruruwan Mbps a ɗaki ɗaya, alhali bidiyon YouTube na 1080p kusan 5Mbps kawai yake ci. To ina matsalar take?

Galibi a wurin ajiya take. Mun tura shi bayan talabijin ko cikin kabad don kar yara su taɓa, ga bangon bulo, sai mu ce sabis ba kyau. Ka ɗaga shi sama a tsakiyar gida, in mai SIM ne ka kai shi kusa da taga. In rautanka mai tashoshi biyu ne, in kana nesa ka hau 2.4GHz don shi ya fi ratsa bango, in kana kusa ka hau 5GHz. Kuma don Allah a canza fasuwod ɗin "admin" ɗin nan da ya zo da shi, a sa wa Wi-Fi ɗin makullin tsaro na WPA2 ko WPA3, wani datarsa ma maƙwabta ne ke sha yana ta zagin kamfani.

Mai faiba da gida cike da mutane kowa da waya biyu, shi kam Wi-Fi 6 zai yi masa amfani don ya fi iya cunkoso. Ƙanin nawa dai ƙaramin UPS, wato batirin riƙe wuta, na sa ya saya, yanzu ko an ɗauke wuta rautan bai mutuwa, sauran canjin kuma ya zuba data.