Ticha, Alhaji da Rigimar "On" a Teburin Mai Shayi

TICHA: Alhaji, na ji ka a waya kana cewa "in the bus". Ba a faɗin haka. "On the bus" ake cewa.

ALHAJI: Shi "on" ɗin, ba kai ka ce mana ma'anarsa "a kan" ba?

TICHA: Ƙwarai. "On the table", a kan tebur.

ALHAJI: Madalla. Wato ni da girmana da furfurata in ce wa abokin cinikina na Legas ina kan bas? Buhun albasa ne ni? Kuɗin kujera na biya, ba na rufi ba.

Ticha ya gyara zaman tabarau. Kowa a unguwa ya san tabarau ɗin nan ba na magani ba ne, amma ba ya fara bayani sai ya taɓa shi.

TICHA: Ƙa'ida ce, ranka ya daɗe. Duk abin hawan da mutum zai iya miƙewa ya taka a cikinsa, bas, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, jirgin sama, "on" ake sa masa. Wanda kuwa sai ka duƙa ka shiga ka zauna, irin ƙaramar mota ko tasi, "in" ne.

ALHAJI: Har jirgin sama? Wato da na tafi Makka, bisa fiffike aka ɗaure ni?

MAI ADAIDAITA: Da tuni mun ci gumba.

ALHAJI: Sannan wace bas ce ake miƙewa a cikinta? Wadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, kwandasta na reto a ƙofa? To shi kwandastan ne kaɗai "on". Mu sauran "in" muke, har wuya.

MAI ADAIDAITA: Ticha, ni fa? Fasinjana "in" yake ko "on"?

Ticha ya kai kofi baki. Ya daɗe yana kurɓa, alhali shayin ya ƙare tun ɗazu.

TICHA: Babur "on", keke "on", doki "on", tunda hawa ake yi a raba ƙafa. Naka kuwa, gabansa babur, bayansa mota. Sai na duba littafi.

MAI ADAIDAITA: Ashe Bature bai san da zamanmu ba.

ALHAJI: Kwantar da hankalinka, masu yankan haraji sun sani.

TICHA: Mu bar mota. Ranaku ma "on" suke ɗauka: "on Monday", "on Friday". Wata da shekara "in", ƙarfe kaza kuma "at". Najeriya ta samu 'yancin kai "in 1960", amma da ka ambaci ranar, sai ta koma "on 1st October".

ALHAJI: A kan Juma'a? Juma'ar tabarma ce da za a hau kanta? Ka ji tsoron Allah, Ticha.

TICHA: Ai su kansu sun saɓa a wasu wuraren. Mutanen Ingila su ce "at the weekend", na Amurka su ce "on the weekend".

ALHAJI: Ato! Masu abin ba su shirya a tsakaninsu ba, ni ne za a yi wa jan biro? Su je su sasanta tukuna, su aiko mana da takarda. Kafin nan ina cikin bas, kuma a ciki zan zauna.

TICHA: Akwai kuma "on" na halin da ake ciki. "On fire", abu ya kama da wuta. "On leave", mutum yana hutu. "On strike"...

ALHAJI: Tsaya, wannan ba sai ka fassara ba. A 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba. Wata takwas yaron nan nawa yana gida, "on" katifa da safe, "on" tuwo da dare. Wannan "on" ɗin aljihuna ya karanta shi.

MAI SHAYI: Ticha, ba shi ne wanda muke yi wa fanka ba? A ce yaro, yi "on" ɗin fanka.

TICHA: Subhanallahi! Kuskure ne babba! "On" ba aikatau ba ce. "Switch on" ko "turn on" ake cewa.

MAI SHAYI: A kawo wutar tukuna. In ta zo, ko da Faransanci ne zan kunna.

Da Ticha mai gudun magana ne, da nan ya tashi. Amma ya hango mutane sun ƙaru a benci, har da wasu 'yan mata biyu masu jiran biredi.

TICHA: Bari in ba ku wanda ko 'yan digiri ba kowa ya sani ba. In Bature zai biya wa jama'a kuɗin abin da suka ci, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Gentlemen, the tea is on me!"

ALHAJI: Kunnen tsufa. Maimaita.

TICHA: "The tea is on me!"

ALHAJI: Na can ƙarshen benci ba su ji ba.

Ticha ya miƙe tsaye, ya faɗa da muryar asambuli.

ALHAJI: Yauwa! Yau dai na ji Turanci mai ma'ana. Mai shayi, soyo ƙwai huɗu, Indomie biyu, shayi mai kauri, madarar gwangwani.

MAI ADAIDAITA: Ni ma haka, a sa yaji.

TICHA: Kai, misali ne fa! Alhaji, ba kai ka ce "on" a kan kawai take nufi ba?

ALHAJI: Har yanzu ina kan bakana. Ga shi kuwa ya hau kanka.

TICHA: Wallahi ba a yi albashi ba.

MAI SHAYI: Ba komai, ga littafi. Yaya ma ake rubutawa, "in credit"?

TICHA: "On credit"! "On"! Sau nawa zan faɗa muku?

MAI SHAYI: Jama'a, kun dai ji da bakinsa. Yaro, fasa ƙwai.