Kotun Ƙolin Amurka ba ta haramta zubar da ciki ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta zubar da ciki a faɗin ƙasar. Ba haka ba ne. Hukuncin Roe na 1973 ta soke, wanda ya ce tsarin mulki ya ba mace wannan 'yanci, ta bar kowace jiha ta yi dokarta. Shi ya sa Texas ta kusan hana shi kwata-kwata, a Kalifoniya kuwa doka ta yarda.

Tushen sauyin naɗin alƙalai ne. Shugaban ƙasa ke zaɓo su, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma ba su da wa'adi. Trump kaɗai ya naɗa uku cikin alƙalai tara na kotun, duk ukun kuwa sun goyi bayan sokewar.