Yaron da ya ce dokin can zai hau

Ƙaramar sallar bara a Gombe na yi ta, karo na farko cikin shekara shida. Washegari da la'asar muka kwashi yaran gidanmu na Herwagana, mota biyu, zuwa wani wurin wasan yara a cikin gari. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wuraren nan da sallah ya san yadda suke: ƙura ta turnuƙe, janareto na ta ruri, ga masu askirim ga masu balan-balan, 'yan mata sun sha lalle, yara maza cikin sababbin shaddojin da ko karin guga bai baje ba. Layin da ya fi kowanne tsawo shi ne na lilon nan mai kujerun da aka rataye da sarƙa, wanda in ya ɗauki gudu sai kujerun su buɗe kamar laima.

Ɗan yayana, mai shekara takwas, ya kamo hannuna. Tafinsa sharkaf da gumi. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Baffa, ni dai dokin can zan hau." Yana nufin dawakan ƙarfen nan masu zagayawa a hankali. Kafin in buɗe baki Hamma, yayan nawa, ya jiyo shi. "Kai don Allah! Ƙannenka mata na kan layi, kai ƙato da kai kana neman dokin jarirai? Wuce mu gani." Yaro ya wuce. Duk zagayen da kujerarsa ta zo saitina sai in dubi fuskarsa. Da farko ya ƙanƙame sarƙar, sannan ya runtse ido, sannan ya sunkuyar da kai, leɓunansa suka yi fari. Da aka tsayar da injin taku biyu ya yi ya durƙusa, shinkafar sallah da cincin ɗin da ya ci suka dawo a gaban sabuwar rigarsa. Yara suka kwashe da dariya. Hamma ya miƙa masa ruwan leda ya ce, "Ai gara ya saba."

Ban ce uffan ba a wurin, don ba a yi wa babba gyara a gaban 'ya'yansa. Amma abin ya tsaya mini a rai har na koma Florida, inda nake zaune shekara tara ke nan, domin na san abin da yaron ya ji tun daga ciki har maƙogwaro. Ina ƙarami, in za mu Bauchi wajen Goggo, tafiyar da ba ta fi kilomita 150 da 'yan kai ba, Inna kan ƙulle baƙar leda biyu da lemon tsami a bakin zaninta saboda ni. Kafin mu kai Alkaleri yawu ya fara taruwa a bakina, in muka hau gadar Dindima kuwa sai dai leda. Da na girma na fara bin hanyar Jos zuwa Abuja, kwane-kwanen Hawan Kibo suka zame mini abin fargaba tun daren tafiya. Sunayen da na sha ba su ƙirguwa: rago, ɗan ƙauye, wanda bai saba da mota ba. Har na yarda cewa wata kasawa ce a halina.

Sai da na yi karatu na gane cewa a kunne abin yake. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya, ko jiki ya yi gaba, ko ya yi ƙasa. Ido ma yana kai nasa rahoton. In rahotannin biyu suka yi daidai, lafiya lau. In suka saɓa, kamar mutumin da ke kujerar baya yana kallon waya, ido na cewa a zaune muke, kunne na cewa ana ta wujijjiga mu, sai jiri ya taso, gumi mai sanyi ya keto, zuciya ta tashi. Shi ya sa da wuya ka ga direba na amai: idonsa na kan hanya, ya san kwanar kafin ta zo. Mutanen da wannan sashe na kunnensu ya daina aiki gaba ɗaya, mota ko jirgin ruwa ba sa tayar musu da zuciya. Jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu ma ba kasafai abin ke kama su ba. Ya fi tsananta daga wajen shekara shida zuwa sha biyu, wato daidai shekarun da muke tura yara kan lilo muna ce musu su nuna su maza ne. Mata masu juna biyu da masu ciwon ɓarin kai su ma sun fi saurin kamuwa.

Jarumta kuwa ba ta da ta cewa a nan. Gherman Titov, ɗan sama-jannatin Tarayyar Sobiyet da ya kwana a sararin samaniya a watan Agustan 1961, matuƙin jirgin yaƙi ne da aka tace daga cikin ɗaruruwa, kuma shi ne mutum na farko da ya yi amai a can. Wa zai kalli wannan ya ce masa rago?

A Orlando akwai dandalin shaƙatawa na Disney da ake kira Epcot, a cikinsa akwai wani abin hawa mai suna Mission: SPACE, wanda aka buɗe a 2003. Mutum huɗu ake sakawa a wani ɗan akurkin ɗaki kamar cikin kumbo, allo a gaban kowa, a rufe. Ɗakunan na maƙale ne a jikin wani ƙaton inji mai juyawa kamar majaujawa, in ya ɗauki gudu sai ka ji nauyinka ya ninka sau biyu da rabi, kumatunka su ja baya, ɗaga hannu ma ya zama aiki. Ido na ganin roka na tashi sama a miƙe, kunne kuwa ya san zagaye ake yi. Jakar amai tana nan a gaban kujera, ba a ɓoye ta ba. Ana ta nanata wa mutane su jingina kai, su dubi allo, kada su rufe ido, kada su waiga, domin karkata kai ana cikin juyawa shi ne ke hargitsa ruwan kunnen nan fiye da komai. Abin da ɗan yayana ya yi ke nan a kan lilo, ya runtse ido ya sunkuya, don ba wanda ya gaya masa.

A 2005 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu bayan ya hau wannan abu, binciken likitoci ya nuna yana da ciwon zuciyar da ba a san da shi ba. A 2006 wata mata mai shekara 49, mai hawan jini, ita ma ta rasu bayan ta sauko. A cikin shekarar ta 2006 aka raba abin gida biyu: layin ruwan lemo, mai juyawar, da layin kore, wanda ɗakin ke ɗan karkata kawai ba tare da injin ya juya ba. Yau na ruwan lemo duniyar Mars yake kai ka, sai yaro ya kai tsawon inci 44 za a bar shi ya shiga. Na kore zagaya duniyarmu yake, inci 40 ya isa.

Ranar da na kai iyalina, ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta tambaye mu wanne muke so, da irin muryar da mai shayi zai tambaye ka da madara ko babu. 'Yata, mai shekara goma sha ɗaya, wadda ko a jirgin sama karatu take yi, ta zaɓi ruwan lemo ita da mahaifiyarta. Ni da ƙaninta muka bi kore. A layinmu na ga wani ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, hannu duk zane, yana tsaye abinsa, ba kunya ba kame-kame. Muka fito, su ma suka fito, kowa na ba da labarin abin da ya gani. Ɗana bai ji an rage masa komai ba. A nan na tuna ledar Inna, na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, don da an taɓa ba ni irin wannan zaɓi ina yaro da ban yi shekaru ina zargin kaina ba.

Kada a ɗauka ina cewa can komai daidai ne. Su ma suna da nasu tilas ɗin, sai dai kuɗi ne ke yi musu shi. Tikitin yini ɗaya ya haura dala 100 kan mutum guda, saboda haka za ka ga uba na jan yaro yana kuka, yana ce masa mun biya, sai mun hau komai. Na ga matasa na zuga abokinsu ya hau jirgin lilon nan mai bin dogo yana kifewa da mutane, alhali fuskarsa ta riga ta gaya musu amsa. Kuma akwai abin da muka fi su nesa ba kusa ba. A motar haya tsakanin Gombe da Bauchi in yaro ya yi amai, direba zai gangara gefe, wata baiwar Allah ta ciro tsohon ɗankwali ta goge shi, wani ya miƙo ruwa, na gaba ya ce a dawo da shi kusa da taga, ana ta yi wa uwar sannu. A nan in haka ta faru a motar da ka kira ta waya, kuɗin wanki za a caje ka, kowa ya kau da kai. Tausayinmu bayan abin ya faru ba shi da na biyu. Abin da nake roƙo shi ne mu matso da tausayin nan gaba kaɗan, zuwa lokacin da yaron ke cewa ba ya so.

Maganar Hamma ta sabo tana da ƙamshin gaskiya, ba zan ƙi ba. Jiki na sabawa. Matuƙan jirgin ruwa kan warware bayan 'yan kwanaki a teku, sojojin sama ma ana horar da masu jirin cikinsu har su daina. Amma da kaɗan-kaɗan ake yi, a tsaya kafin amai ya zo, gobe a ƙara. In aka kai yaro har ya amayar a gaban tsaransa, abin da jikinsa ke koya daban ne: ya haɗa wurin da tashin zuciya. Ni har yau warin fetur a tasha da sassafe kan motsa mini ciki tun mota ba ta tashi ba.

Ga yadda nake yi da nawa yaran, kuma shi zan gaya wa duk mai kai yara lilo da sallah. Mu tsaya tukuna mu kalli abin ya yi zagaye ɗaya cikakke, mu ga fuskokin masu saukowa. A fara da mai sauƙi, in an sauko lafiya a matsa gaba. A lura da irin motsin, domin wani yaron ba ya tsoron tsawo ko gangara amma zagaye ke kayar da shi, wani kuma akasin haka. Kada a hau da ciki dam da nama da maiƙo, kada kuma a hau da yunwa, ga rana ga ƙishi. In an hau, kai a tsaye, ido a gaba. Wanda ya sauko yana jiri a zaunar da shi a inuwa, kada a ce ya bi wani layin. Citta na taimaka wa wasu. Magunguna irin su Avomine da Stugeron da ake samu a kemis a gida, ko Dramamine a nan Amurka, kafin tafiya ake shan su, suna kuma sa barci, don haka direba ya nisance su, yaro da mai ciki kuwa sai an tambayi likita. Kuma maganin amai ba ya kare zuciya. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, mai juna biyu, su haƙura da masu ƙarfin nan. Wannan ya fi damuna game da gida, inda mutum zai shekara da shekaru da hawan jini bai taɓa aunawa ba.

Masu wuraren wasa a Gombe da Bauchi su ma akwai abin da ba zai ci musu kuɗi ba. Sanda ɗaya mai alamar tsawo a bakin kowane lilo. Allo da Hausa, har da ajami, mai faɗin wanda bai kamata ya hau ba. Fenti kore a kan masu sauƙi, ja a kan masu ƙarfi, yadda uwar da ba ta yi boko ba za ta gane da kallo ɗaya. Sannan a gaya wa yaron da ke riƙe da makunnin cewa in ya ga wani ya galabaita ya tsayar, ko da sauran za su yi ƙorafi. Ranar nan ina tsaye kusa da mai kunna injin, idonsa na kan kuɗin da yake ƙirgawa har aka gama.

Sai da sallar layya ta matso na samu na yi wa Hamma maganar a waya, bayan mun gama zancen farashin raguna a kasuwar Kumo. Na ce, "Hamma, alfarma nake nema. In za a kai yara lilo bana, a bar mini ɗana ya zaɓa da kansa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ma fa haka ka yi ta fama, Inna ta sha wankin zani." Na ce shi ya sa. Ya ce to, ya ji.

Kwana biyu bayan sallah Adda ta turo mini bidiyo ta WhatsApp. Yaron na kan dokin ƙarfe, ƙafafunsa har suna kusa taɓa ƙasa don ya fi dokin girma, yana ɗago wa mai ɗauka hannu duk zagayen da ya zo. Ta ce sau uku ya hau, da za su tafi kuma ya tsaya ya daɗe yana kallon mai sarƙar, ya ce wa babansa wataƙila baɗi.