Bakin ruwan Gongola na ciyaman ne kafin ya zama na Abuja

Tun da ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin teku ta fara rabon dubban rigunan kariya ga jihohin da ke bakin ruwa a 2025, wata magana ta samu gindin zama a bakin 'yan siyasarmu na ƙananan hukumomi, kuma ita ce ta hana ni sakat. Da ka ta da zancen mutanen da ruwa ke ci, sai a ce maka ai wannan aikin tarayya ne, akwai NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, akwai minista. Wani ma ya ƙara da cewa mu nan Gombe ina muka ga teku, wannan damuwar mutanen Legas ce da Kalaba. Da wannan amsa ake rufe bakin mai tambaya, a koma zancen rabon taki da na kujerar zaɓe mai zuwa.

To, mu fara da batun tekun. Gaskiya ne ba mu da shi. Amma yaran Islamiyyar da jirgi ya kife da su a dam ɗin Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, suna kan hanyar zuwa Mauludi, ba a teku suka mutu ba, a tsakiyar jihar Kano ne. Mutanen Warrah a jihar Kebbi da jirgi ya tsage da su a Mayun 2021, a kogin Neja ne. Fiye da mutum 100 da suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara a Yunin 2023 suna dawowa daga ɗaurin aure, su ma a kogi ne. Mu kuwa Gongola ya ratso mu ta Nafada, ya taru a Dadin Kowa, ya wuce har ya haɗu da Binuwai a Numan. Muna da dam ɗin Balanga. Makwabtanmu na Bauchi suna da Gubi, ga kogin Jama'are da ke cika ya batse duk damina. Ban da kududdufan da masu aikin hanya ke haƙa su ɗebi ƙasa su tafi su bar wa unguwa. Wanda ya ce ba mu da matsalar ruwa, bai taɓa zuwa gaisuwar yaron da aka tsamo ba.

Babbar maganar ita ce ta cewa aikin tarayya ne, kuma a nan nake so in daɗe. Duk ciyaman ɗin da ya faɗi haka, ko dai bai karanta kundin tsarin mulkin 1999 da ya rantse da shi ba, ko kuma ya karanta yana fatan mu ba mu karanta ba. Jadawali na huɗu ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai ba da lasisin kekuna da amalanke da baro, kuma a wannan layin dai aka ambaci kwale-kwale da sunansa. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da wuraren shaƙatawa. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa. Wato jirgin da ke ɗaukar mutane ranar kasuwa, da kasuwar kifin da ke bakin ruwan, da filin da matasa ke taruwa da Sallah, har da lissafin waɗanda suka mutu, kowanne yana da ƙofa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Abin takaici, ɓangare ɗaya na wannan jadawali kowa ya haddace, shi ne na yankan rasit. Mai kifi ya san shi, mai tumatir ya san shi, ɗan acaɓa ya san shi. Amma lasisi ba karɓar kuɗi kaɗai ba ne. Idan ka ba mutum izinin ɗaukar fasinja, ka ɗauki nauyin duba katakon jirginsa da ƙayyade masa yawan mutanen da zai ɗauka.

Na tsaya a wani mashigi na Gongola ranar kasuwa, bayan la'asar, lokacin da kowa ke sauri ya koma gida kafin duhu. An fara da buhunan masara a tsakiya, aka kwantar da babur a kansu, aka ɗaure akuya biyu a ƙafar babur ɗin. Sannan mata suka shiga da goyo, suka zauna a gefe da gefe. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Akwai wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba a can baya, riƙe da yankakkiyar jarka, aikinsa kawai kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsagar katako, tun kafin a tashi. Wani dattijo ya ce, "Malam, kayan nan sun yi yawa fa." Mai jirgin ya ce, "Baba, kullum haka muke yi, Allah ke tsarewa." Babu riga ko ɗaya a jirgin. Babu kuma wani mai iko a wurin da zai ce a sauke buhu biyar a dawo a ɗauka.

Wannan mutumin da babu, shi ne duk abin da nake magana a kai. Hedikwatar NIWA tana Lokoja. Ko da ta rubuta dokoki masu kyau, kuma ta rubuta, na hana tafiyar dare da hana lodi fiye da kima da tilasta sa rigar kariya, ba za ta ajiye ma'aikaci a kowane mashigi na Nafada da Funakaye da Yamaltu/Deba ba. Wanda ya san sunan kowane mai jirgi, ya san wanda jirginsa ya tsufa, ya san ranar da ruwa ya ƙaru, yana nan cikin garin: sarkin ruwa ne, da mai unguwa, da kansilan mazaɓar. Rigar da aka raba a gaban kyamara a babban birnin jiha, idan babu mai tsayawa a bakin ruwa ya ce ba za a tashi ba sai kowa ya sa, a sito za ta ƙare.

Tunda 'yan siyasar ne suka kawo zancen garuruwan bakin teku, sai mu duba yadda ake yi a can. A Ostareliya da Ingila, majalisar gari ce kan ɗauki masu ceto ko ta yi yarjejeniya da ƙungiyar da ke samar da su. Ana kafa tuta mai launin ja da rawaya guda biyu, a ce tsakaninsu kaɗai aka yarda a yi ninƙaya domin nan ne ido yake. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi sai a ɗaga jar tuta, kowa ya fito. Ba firaminista ke kafa tutar ba, ma'aikacin gari ne. A nan gida ma Legas ba ta naɗe hannu ta jira Lokoja ba, ta kafa LASWA, hukumarta mai kula da hanyoyin ruwa, tun 2008, har ta kai su ga shari'a da tarayya kan wa ke da iko da ruwan. Su suna rigima a kan wa zai riƙe aikin, mu kuwa kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Kuma ruwan dam ya fi yaudara, domin a kwance yake. Dam ɗin Dadin Kowa, wanda aka gama a 1984, yana ba Gombe ruwan sha, yana ba da lantarki, yana ciyar da manoman rani da masunta, ga shi ƙasa da kilomita 40 daga cikin gari. Da zafi ya tsananta ko Sallah ta zo, matasa kan cika mota su tafi shan iska da ɗaukar hoto. Yawancinsu 'yan birni ne da ba su iya ruwa ba. Yaro zai taka ruwa iya gwiwa, ya ƙara taku biyu, ƙasa ta ɓace masa. Abokinsa ya faɗa don ya cece shi, su riƙe juna su tafi tare. Akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi, akwai dorina, akwai iskar farkon damina da kan taso ba sallama. Masunta sun san duk wannan kamar tafin hannunsu. Wa ya taɓa ɗaukar biyu daga cikinsu, ko da na kwanakin Sallah kawai, ya biya su su tsaya da jirgi da igiya?

Za a ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, kuma Annabin da ya koya mana ita, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Za a ce laifin iyaye ne, ko a ce a hana zuwa bakin ruwa gaba ɗaya. Wannan shawarar malalaci ce, don ba za ka hana matar da gonarta ke tsallake shiga jirgi ba.

Sai uzurin da ya fi kowanne tsufa, wato babu kuɗi, gwamna ya riƙe. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Na san an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, kuma ina cikin masu cewa a sakar musu kuɗinsu. Amma 'yancin da ciyamomi ke nema yana tafe da nauyi, kuma ban yarda rashin kuɗi ne ya hana wannan aikin ba. Allon gargaɗi da Hausa da Fulatanci nawa yake? Fenti nawa za a saya a ja layi a jikin jirgi, a ce in ruwa ya taɓa nan to lodi ya isa? Ƙaramar hukumar da ke iya hayar rumfuna da kujeru da makaɗa don bikin cika shekara a ofis, ba za ta ce rigunan kariya talatin sun gagare ta ba. Kuɗin da ake kaiwa gidan makoki a ambulan, tare da buhun shinkafa da tawagar motoci, da an kashe shi tun farko a bakin ruwa, da wataƙila ba a yi makokin ba. Wannan sakaci ne, kuma sakacin da ke cin ran talaka ne kawai, shi ya sa ba ya hana kowa barci a sakatariya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunawa da wannan, daidai lokacin da kogunanmu ke cika. A ce ƙananan hukumomi 11 na jihar Gombe kowacce ta fito da lissafin mashigai da jiragen da ke yankinta, da adadin mutanen da ruwa ya ci mata a bara. Kansiloli su zauna su yi dokar gari kan lodi da tafiyar dare, a ba sarkin ruwa iko da ɗan alawus, a sa shi cikin kasafin kuɗi da sunansa. Ciyaman ɗin da ya kasa kawo ko da lissafin, masu zaɓensa su tambaye shi dalili a gaban jama'a ranar da ya zo neman ƙuri'a.