Kuɗin Goro

Ɗan Boko: Baba, tambaya gare ni. In ana batun tsaya wa talaka da wanda aka zalunta, daidai ne a yi wa ɗarikun Kirista kuɗin goro?

Dattijo: (ya gyara tabarau, wanda ba na karatu ba ne, na kwarjini ne) Daidai ne mana! Ai jiki ɗaya muke. Wa ya tsaya kai da fata har Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807? Mu ne. Wilberforce, ɗan majalisar Ingila da ya jagoranci fafutukar, ɗan Angalika ne, ni kuwa shekara 11 na yi a Angalika.

Ɗan Boko: Amma ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato Angalika, ta mallaki gonakin rake a tsibirin Barbados, bayi ke noma mata. Sai 2006 cocin ta ba da haƙuri.

Dattijo: Shi ya sa na bar su.

(Ba shi ya sa ba. Kujerar ma'aji aka hana shi.)

Dattijo: Na koma Baftis, gidan su Martin Luther King. Yaro, ka san wahalar da muka sha a Birmingham ta Amurka a 1963, wajen yaƙi da wariyar launin fata? Har kurkuku aka kai mu.

Ɗan Boko: Da ku, Baba?

Dattijo: A ruhu.

Ɗan Boko: To ai Baftis ɗin Kudancin Amurka ɓallewa suka yi a 1845 don a bar masu bayi su zama 'yan mishan. Sai 1995 suka nemi gafara.

Dattijo: Ka ji da bakinka, na Kudu! Ni ina ruwana da Kudu? Kowa tasa ta fisshe shi. Ku 'yan boko matsalarku ke nan, sai ku tattara mutane ku yi musu kuɗin goro.

Ɗan Boko: Baba, ku ne fa yanzun nan kuka ce...

Dattijo: Na ce me? Desmond Tutu, bishop ɗinmu na Angalika a Afirka ta Kudu! Lambar Nobel, 1984. Ranar da muka karɓe ta ko barci ban yi ba.

Ɗan Boko: Ai kun ce kun bar Angalika.

Dattijo: Zuciyata ba ta fita ba.

Ɗan Boko: Cocin Dutch Reformed fa, da ta kare wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, har da jawo ayoyi?

Dattijo: Ko sunansu ban iya faɗa ba, ta yaya zan ɗauki zunubinsu?

Ɗan Boko: Amma Beyers Naudé fastonsu ne, ya bijire musu har ya rasa mumbarinsa. Shi a wane kwando za a sa shi?

Dattijo: Namu ne. Ƙofa ce ya ɓata ya shiga tasu.

(Irin wannan lissafi ba Dattijo kaɗai ya iya shi ba. Riba ta kowa da kowa, asara kuwa a nemo mai ita.)

Ana cikin haka sai mai gadi ya yi sallama, hula a hannu.

Mai gadi: Ranka ya daɗe, batun albashin nan ne. Yau wata 3 ke nan.

Dattijo: Ka gani ko, yaro? Abin da nake faɗa kullum! Ikilisiyar duniya ta gaza wajen kula da talaka. Katolika, Angalika, Baftis, Lutheran, dukanmu mun yi zunubi.

Mai gadi: To a cikinsu wa zan je in gani?

Dattijo: Za a kafa kwamiti.

Mai gadi: Yallaɓai, yara ne aka koro daga makaranta.

Dattijo: Kai dai ba ka da haƙuri. Shekara 150 aka jira Baftis ɗin Kudu kafin su ce a yafe musu, kai wata 3 kacal har ka ƙosa?

Ɗan Boko: Baba, ai kun ce ba ruwanku da Kudu.

Dattijo: Tashi ka ba ni wuri, lokacin addu'ata ya yi.