Damon Komodo ya samu masu gidan rana, ƙudan Sukotland fa?

Jama'a, ku ɗora halittu biyu a sikeli. Na farko damon Komodo na ƙasar Indonesiya, ƙaton da tsawonsa kan kai mita 3, yana kayar da barewa ya cinye. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, saboda hawan teku zai cinye bakin tsibiran da yake zaune. Tun 1980 aka keɓe masa gandun daji, UNESCO ta saka wurin cikin wuraren gado na duniya a 1991, masu yawon buɗe ido kuma sai tururuwa suke zuwa tsibiran Komodo da Rinca don a ɗauke su hoto da shi.

Na biyu wani ɗan ƙuda ne baƙi mai jan gindi, masana na kiransa Blera fallax. A duk Birtaniya, dajin Cairngorms na Sukotland kaɗai ya rage masa. Tsutsarsa ba ta rayuwa sai cikin kogon ruɓaɓɓen kututture da ruwan sama ya taru a ciki, ga shi tsofaffin itatuwan an sare su. Sai da ma'aikata suka riƙa huda kututturai da kansu, suna zuba ɗusar katako, suna kiwon tsutsotsin cikin kwalabe a gidan namun daji kafin a mayar da su daji.

Wallahi ni ƙudan nan ya fi ba ni tausayi, kuma ba tausayi kawai ba ne. Danginsa su ne ke biye wa ƙudan zuma wajen barbarar furanni, tsutsar wasunsu kuma darɓa take ci, wadda duk manomin wake ya san ɓarnarta. Binciken da aka fitar a 2022 ya nuna kashi 37 cikin 100 na ire-irensu a Turai suna cikin haɗari. Wa ya ji labarin a rediyo?

Ba cewa nake a saki damo ba, yana da haƙƙinsa. Amma matsalarsa teku ce, kuɗin tikiti ba ya tsayar da teku. Shi kuwa ƙudan, kututture da ɗusa da ruwan sama yake nema, abin da bai kai kuɗin jirgin ɗan yawon buɗe ido ɗaya ba. A 2022 an sake ganin balagaggensa yana shawagi a dajin, bayan shekaru ba a sa shi a ido ba.