Hita a ɗakin marasa lafiya, wai me ke damunmu ne?

Wallahi abin da na gani daren jiya ya tsaya min a rai. Na je duba gwaggona a asibiti, sai ga wani saurayi mai jinyar babansa ya tsoma hita cikin bokitin roba, wayar ma ba ta da kai, tsirarar waya ya cusa a soket ya tokare da tsinken ashana, ga ekstenshin a gefe an cika shi da caja da fitila da ƙaramar fanka, ga kuma silindar oksijin tsaye kusa da gadon wani tsoho. Na ce ɗan uwa wannan fa ganganci ne, ko ɗago kai bai yi daga TikTok ba, wai "Malam ruwan wanka ne kawai, yanzu zan cire."

Yanzu zan cire ɗin nan ita ke cinye mu. NEPA ta ɗauke wuta, ka bar hita a ciki ka fice wajen mai shayi, a tada janareta kana can kana musun ƙwallo, ruwa ya ƙafe roba ta narke, shikenan. Kuma ku sani oksijin ba shi ke kamawa da kansa ba, amma inda ya yi yawa katifa da labule da zanin gado ci suke kamar an zuba musu fetur. A Bagadaza a 2021 silindar oksijin ta fashe a asibitin masu korona, sama da mutum 80 suka rasu. A Tivaouane ta Senegal a 2022 jarirai 11 suka tafi a gobarar asibiti, matsalar wayar lantarki. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ai ba sai an ce ka nemi ruwa ba, amma mu sai dai "tsautsayi ba ya wuce ranarsa", kamar ba mu muka jona tsautsayin a soket da hannunmu ba.

Samari ku yi tunani mana. Kai da ƙafafunka za ka tsallake taga, to mai karaya da aka rataye wa ƙafa fa? Wadda aka yi wa tiyata da safe fa, da bakwainin da ke cikin kwalba? Hayaƙi ma kaɗai ya isa ya gama da su kafin 'yan kwana-kwana su iso. Duk saboda ruwan wanka! Ga ƙofar baya an garƙame da kwaɗo, makulli na aljihun wanda ya tashi aiki, ga jar tukunyar kashe gobara ta yi ƙura ba wanda ya san yadda ake zare mata fil. Ban ma son in taɓo masu zuwa dubiya su goma a gado ɗaya suna ɗaukar mara lafiya hoto don sitatus.

Don Allah a ji tsoron Allah, a zo da ruwan zafi a filas daga gida, a riƙa yi wa juna magana. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho, matsalar dai hohon nan ba shi kaɗai zai ji ba.

Da can sista guda ke zagayawa da tocila cikin dare, ta ga ko risho a baranda sai ka kwashe kayanka, kuma babba ya tsawatar yaro ya sunkuyar da kai. Yanzu nas ta yi magana a ce tana wulaƙanta talaka, dattijo ya yi magana a ce ina ruwansa, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, hita kuma na ta tafasa a ƙarƙashin gado.